Taswirar da Ke Riga Ƙwaro Isa Gona

Sharhinmu na yau zai leƙa gona ne, amma ta wata ƙofa da ba a saba bi ba, wato ƙofar masanan da ke zama gaban kwamfuta su zana taswira su ce ga inda baƙon ƙwaro zai iya sauka ya yi kaka-gida, tun manomin wurin bai taɓa jin sunansa ba.

Duk wanda ya noma masara daga shekarar 2016 zuwa yau ya san tsutsar nan da ta hana manoma barci. Ka shiga gona da sassafe ka tarar ganye ya yi huji-huji, ka buɗa zuciyar shuka ka ga kashinta ya cika wurin, ita kuwa tana can ciki a kwance, inda feshi ba ya saurin kai mata. Kusa da wutsiyarta akwai baƙaƙen ɗigo guda huɗu, da su ake gane ta. Kakanninmu ba su san ta ba. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a watan Janairun 2016 aka fara ganin ta a Afirka, a gonakin masara na kudu maso yammacin Najeriya. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA mai hedikwata a Ibadan, ƙarƙashin Georg Goergen, su ne suka tabbatar wa duniya ko wace ce. A cikin wannan shekarar aka gan ta a Benin da Togo da tsibirin Sao Tome. Kafin shekara biyu ta zagayo ta shiga ƙasashen Afirka fiye da 40. A watan Mayun 2018 ta bayyana a jihar Karnataka ta Indiya, a farkon 2019 ta shiga lardin Yunnan na ƙasar Sin, a farkon 2020 kuma ta isa Ostareliya.

Me ya ba ta wannan sauri? Uwarta, wadda wani irin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, tana iya cin kilomita 100 a dare guda idan iska ta ba ta baya. Mace ɗaya takan saka ƙwai fiye da 1,000. A lokacin zafi, wata guda ya ishe ta daga ƙwai zuwa uwa mai saka wani ƙwan. Ga ta kuma ba ta da tsandar baki, an lissafa tsirrai fiye da 350 da take ci, ko da yake masara ta fi so, sai dawa.

To, a nan ne maganar taswira ta shigo. Tambayar da kowace gwamnati ke yi idan ta ji irin wannan labari ita ce: shin za ta iya zama a ƙasarmu? Idan za ta iya, a wane yanki? Amsa wannan tambaya shi ne aikin masu lissafin hasashen mazaunin ƙwari.

Yadda suke yi bai yi nisa da abin da tsohon manomi ke yi ba. Ka kai shi sabon fili da bai taɓa takawa ba, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya dubi ciyawar da ke wurin, ya tambaye ka yaushe ruwa ke sauka kuma yaushe yake ɗaukewa, sai ya ce maka nan gero ne, can gangaren kuwa shinkafa. Bai ga gaibu ba. Ya tara sanin wuraren da ya ga kowace shuka ta yi kyau ne, ya auna sabon wuri da su. Masana ma haka suke yi, illa dai filinsu duniya ce baki ɗaya. Sukan tattaro duk wuraren da aka taɓa kama ƙwaron, kowane wuri da lambobinsa na taswira. Sannan su ɗauko bayanan yanayi na waɗannan wurare: zafin watan da ya fi zafi, sanyin watan da ya fi sanyi, yawan ruwan damina, tsawon rani, da makamantansu. Akwai wata taska ta bayanan yanayi mai suna WorldClim da ta yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita ɗaya, ta kuma ba kowanne ma'aunai 19 na irin waɗannan. Kwamfuta sai ta koyi irin yanayin da ƙwaron ke zama a ciki, ta bi sauran duniya gida bayan gida tana neman mai kama da shi. Inda ya yi kama sosai ta shafa ja, inda babu kama ta bar shi fari. Manhajar da aka fi amfani da ita wajen wannan aiki sunanta MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokan aikinsa suka yi bayaninta a shekarar 2006.

Akwai wata hanyar kuma da ta girmi wannan, mai suna CLIMEX, wadda Robert Sutherst da Gunter Maywald suka fito da ita a hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya a 1985. Ita daga jikin ƙwaron take farawa. A reni ƙwaro a ɗakin gwaji, a ga a wane zafi yake girma, a wane sanyi yake tsayawa, wane fari ne ke kashe shi, wace laima ce ta yi masa yawa. Daga nan sai a ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 100. Tsutsar masara, alal misali, girmanta yakan tsaya idan sanyi ya sauka wajen digiri 11 zuwa 12, kuma ba ta da dabarar kwanciya ta jira hunturu ya wuce yadda wasu ƙwari ke yi. Shi ya sa a ƙasar Amurka ba ta iya cin hunturu sai a kudancin Florida da kudancin Texas, daga can ne take tasowa kowace bazara ta yi arewa har ta kai Kanada, sanyi ya zo ya shafe ta, shekara ta zagayo wasu su sake tasowa.

Ko wannan lissafi yana faɗin gaskiya? A shekarar 2018 wata masaniya a Jami'ar Exeter ta Biritaniya, Regan Early, da abokan aikinta sun fitar da taswirar tsutsar masara ta duniya. Sun gano cewa abubuwa biyu ne suka fi yi mata iyaka, tsananin sanyi da kuma yawan ruwan damina. Suka ce mafi yawan Afirka kudu da Sahara zai riƙe ta shekara zagaye. Suka haɗa da lissafin hanyoyin kasuwanci da na jiragen sama, suka ambaci Indiya da Sin da Tailan da Indonesiya da Malesiya da Filifin da Ostareliya a matsayin ƙasashen da ke cikin haɗari. Lokacin da aikin ya fito ta riga ta shiga Indiya. Amma sauran, ba a yi shekara biyu ba ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ɗauki gargaɗin da muhimmanci sun kafa tarkuna a kan iyaka, sun horar da ma'aikata, sun yi wa magunguna rajista tun kafin ta iso. Ba su hana ta shiga ba, babu wanda ya iya hakan, amma ba ta same su a kwance ba. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amfanin taswirar ke nan a taƙaice, ta gaya maka gemun wa ke layi.

Sai dai, masu sauraro, ina so mu daɗe kaɗan a kan abin da taswirar ba ta gani, domin a nan ne maganar ta fi shafar mu.

Kwamfutar da aka ba wa lissafin ruwan sama kaɗai, idan ta dubi Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram a watan Fabrairu da Maris, abin da za ta gani shi ne wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, ciyawa ta bushe, ƙasa ta tsattsage. Za ta ce ƙwaro mai bukatar ɗanyen ganye ba zai kai labari a nan ba, sai dai ya zo da damina ya tafi da kaka. Amma wanda ya san Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai, ya san a daidai wannan lokacin ne wurin ya fi kore. Haka Bakolori a Zamfara, haka kwarin Haɗejiya, haka bakin kogin Kwara daga Tillaberi zuwa Gaya, haka dubban fadamu da lambunan da ake ba ruwa da ɗan injin fetur ko na hasken rana. Noman rani alheri ne babba, shi ke riƙe da gidaje da yawa. Amma kowace gonar masarar rani masauki ce ga tsutsa, inda za ta yi ta haihuwa har damina ta sauka, ta fito da ƙarfinta ta tarar da sabuwar shuka. Hunturunmu bai kai ya kashe ta ba. Abin da ya kamata ya karya ta a wurinmu shi ne yunwar rani, mu kuma da hannunmu muka kawar mata da ita. Ƙasar Masar ma, wadda kusan ba a ruwan sama a cikinta, tsutsar ta shige ta a 2019 ta kudu, ta gonakin bakin kogin Nilu. Da masana suka riƙa sa taswirar ban ruwa a cikin lissafinsu, sai ja ya ɓullo a wuraren da da suke fari fat.

Masu noman tumatir sun riga kowa ɗanɗana wannan. Ƙwaron da manoman Kano ke kira sharon, wanda masana ke ce wa Tuta absoluta, ɗan Kudancin Amurka ne. A 2006 aka fara ganin shi a Sifaniya. Shekara biyu bayan haka ya tsallaka teku ya shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya, daga nan ya ƙetare Sahara. A 2016 ya yi wa tumatirin Arewa cin ƙare dangi, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar, masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki saboda babu abin niƙawa. Matan gida ba su manta da kuɗin cefanen wannan shekara ba. Ƙwaron ya sake dawowa da ƙarfi a 2023. Ku lura da tazarar: shekara goma tsakanin Sifaniya da Kaduna. A cikin wannan tsakani masana na cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi sun fitar da taswirar da ta nuna yankinmu zai karɓe shi hannu bibbiyu. Sanin yana nan a rubuce. Abin da bai samu ba shi ne hanyar da zai bi ya isa kunnen mai kwando a kasuwar Kwanar Gafan.

Kuma sharon bai ƙetare Sahara da fiffikensa kaɗai ba. Kwando da akwati da dashen tumatir da bayan babbar mota sun taya shi. Taswirar yanayi tana gaya maka inda ƙwaro zai iya zama, ba ta gaya maka ranar da zai zo ko motar da za ta kawo shi. Wanda ke son sanin wannan sai ya haɗa da sanin kasuwa: wace mota ke tashi daga kasuwar Dawanau zuwa Maraɗi, wace ce ke sauke kaya a kasuwar Mil 12 a Legas ta juyo da kwandunan da ba a wanke ba. Direban tirela da dillalin kayan gwari sun fi kowace kwamfuta sanin waɗannan hanyoyi, kuma a ganina lokaci ya yi da masu bincike za su riƙa zama da su.

Akwai kuma wani abin da masana kansu ke faɗa ba tare da ɓoyewa ba, cewa ƙwaro idan ya bar gida ya rabu da maƙiyansa yakan zauna a yanayin da ba a san shi da shi ba a ƙasarsa ta asali. Don haka fari a taswira ba takardar tsira ba ce.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda kuma ita ce muke da iko a kanta. Lissafin nan duk da wayonsa abin da aka zuba masa yake dafawa. Babbar taskar duniya da ake ajiye bayanan inda aka ga kowace halitta, wadda ake kira GBIF mai hedikwata a Kofanhegan, mafi yawan abin da ke cikinta daga Turai da Arewacin Amurka ya fito, inda masu sha'awar tsuntsaye da ƙwari ke yawo da kyamara suna aikawa. Yankin Sahel ɗigo ne jefi-jefi, su ma yawanci kusa da babban titi ko tashar bincike. Kwamfuta ba ta san bambanci tsakanin wurin da aka duba ba a ga ƙwaro ba, da wurin da ba wanda ya taɓa zuwa dubawa. Idan ƙauyuka ɗari sun sha ɓarna ba wanda ya rubuta, a wurinta ba abin da ya faru. Daga nan sai a zana taswirar da ta rage mana haɗari, masu ba da tallafi su duba ta su kai kayan aiki wani wuri. Haka ma ranar da aka ce an gano ƙwaro a ƙasa, ba lalle ita ce ranar da ya shigo ba. Wa ya san damina nawa tsutsar masara ta yi a gonakinmu ana ɗaukar ta tsutsar kara ce da aka saba da ita, kafin wani masani ya kai ta ɗakin gwaji?

Bari in ɗan ratsa in yi magana a kan alƙaluman asara, don su ma hasashe ne kuma ana yawan karanta su a rediyo tamkar an auna da mudu. A 2017 cibiyar binciken aikin gona ta CABI ta ƙiyasta cewa idan ba a ɗauki mataki ba tsutsar za ta iya cinye tan miliyan 8.3 zuwa miliyan 20.6 na masara kowace shekara a ƙasashen Afirka 12. An gina lissafin ne a kan abin da manoma suka faɗa a Gana da Zambiya, inda suka ce suna asarar kusan kashi 45 da kashi 40 cikin ɗari. Da wasu masu bincike suka je gonaki a Zimbabuwe suka auna da kansu, abin da suka samu bai kai kashi 12 ba. Ba wanda ya yi ƙarya. Ganyen masara da tsutsa ta yayyaga yana da ban tsoro a ido, amma shuka mai samun taki da ruwa takan farfaɗo ta yi goyo. Tsoron da ya wuce kima shi ya sa manoma da yawa suka riƙa zuba magani barkatai, wani ya haɗa kala uku a tanki ɗaya, ba safar hannu ba takunkumi, ya kashe kuɗinsa, ya kashe ƙwarin da ke taya shi yaƙi. Ai kuwa akwai su. An gano cewa wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Telenomus remus, wanda ke saka ƙwansa cikin ƙwan tsutsar ya lalata shi, yana nan a Nijar da Benin da wasu ƙasashen Afirka tun kafin kowa ya yi shirin shigo da shi. Taswirar kirki ya kamata ta nuna mana inda abokin gaba zai zauna, ta kuma nuna inda mai taimako zai zauna.

Kada wani ya ce wannan maganar manoma ce kawai. Ga wani baƙon yana bakin ƙofa, shi kuma 'yan birni yake nema. Wani sauro ne ɗan asalin kudancin Asiya da yankin Larabawa, mai suna Anopheles stephensi, mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Bambancinsa da namu na gida shi ne yana jin daɗin birni, yana haihuwa a tankin ruwa da randa da rijiyar masu gini da tsohuwar taya, kuma rani ba ya hana shi. A 2012 aka gan shi a Jibuti, ƙasar da a shekarar mutum 27 kacal aka samu da zazzaɓin. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. Ya shiga Habasha da Sudan da Somaliya, a 2020 aka kama shi a jihar Gombe, a 2022 kuma a Gana da Kenya. A shekarar 2020 Marianne Sinka ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka zana masa taswira da irin lissafin da muka yi bayani, suka ce mutum kusan miliyan 126 a biranen Afirka za su iya shiga haɗari idan ya bazu. Wannan karon ba mu da hujjar cewa ba a gaya mana ba.

Saboda haka kirana ga ma'aikatun gona na jihohi, da hukumar da ke binciken kayan gona a kan iyakoki, da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya, da cibiyoyin INRAN da AGRHYMET a Yamai, shi ne a fitar da waɗannan taswirori daga aljihun tebur a mayar da su Hausa, a karanta su a gidajen rediyo kafin shuka, kamar yadda ake karanta hasashen damina. A sa kuɗin tarkon ƙwari a kasafi, irin tarkon nan mai ƙamshin mace da ke jawo namiji, a kafa shi a wuraren noman rani da manyan kasuwannin kayan gwari da mashigin iyaka, kuma a biya wanda zai riƙa zuwa yana ƙirgawa kowane mako. Tun 2018 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da manhajar waya mai suna FAMEWS don wannan aiki, tana nan kyauta. Matasan da suka gama kwalejojin aikin gona suke zaune, ga aikin da ya dace da su.

Kai kuma manomi, malam, hajiya mai lambu, naku aikin ba ya bukatar kwamfuta. Daga ranar da masara ta fito, a shiga gona ko sau ɗaya a mako. A tsaya wuri biyar daban-daban, a kowane wuri a duba shuka goma, a ƙirga nawa ne ke da sabon ci. Idan an ga ƙwai a bayan ganye a murƙushe shi da hannu. Idan kuwa an ga wani ƙwaro ko wata ɓarna da ba a saba gani ba, kada a tsaya jiran ta kai gonar maƙwabci. A saka shi a kwalba, ko a ɗauki hotonsa da waya, a kai wa malamin gona ko shugaban ƙungiyar manoma, a faɗi sunan ƙauye da ranar da aka gan shi, kuma a nemi ya rubuta ya tura gaba.